Daren Da Allonmu Ya Ƙi Nuna Kome

Mun roƙi Edita ya ba mu fili domin mu ba ku labarin wani abu da ya same mu a nan Greenbelt cikin watan Oktoba na 2025, wanda ya hana mu barci dare guda. Kun san aikinmu, allo ne da tawada da yara. Amma yau da wuya ka shiga gida ko kantin ɗan Zango ba ka ga kwamfuta a kan tebur ba, saboda haka abin da ya same mu yana iya samun kowa.

Tamu kwamfutar ta girke ce, watau akwati dabam, allon kallo dabam. Mun saye ta ta hannu a 2019, a wani kanti da ke sayar da kayan da ofisoshi suka gama da su. Da annobar korona ta hana taro a 2020, da ita muka riƙa yi wa yara karatu ta Zoom. Daga nan kuma sai kaya suka yi ta taruwa a cikinta. Ma'ajin ƙungiyarmu ba shi da tasa, don haka a cikinta ya ke rubuta lissafin kuɗin wata da na asusun jana'iza. A cikinta har wa yau muka zuba hotunan takardun mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, waɗanda muka ɗauka shafi shafi lokacin da muka je Kumasi: wasiƙunsa na ajami da fataken goro, da waƙoƙin Alhaji Umaru na Kete Karachi, wanda ya rasu a 1934, da ya kwafa da hannunsa. Bayan dawowarmu ruwan sama ya shiga ɗakin da akwatin takardun ya ke, da yawansu tawada ta narke. Hotunan nan su ne suka rage. Mun daɗe muna cewa gobe za mu kwafe su mu ajiye a wani wuri, goben ba ta zo ba.

To, abin da ya sa muka taɓa ta shi ne, kamfanin Microsoft ya ba da sanarwa zai daina kula da Windows 10 ran 14 ga Oktoba 2025, wanda ke so ya koma Windows 11. Aka duba mana, aka ce tamu za ta ɗauka, amma ram ɗinta giga 4 ne kacal, shi ne mafi ƙanƙantar abin da sabon ke yarda da shi, za ta riƙa tafiyar hawainiya. Wanda bai san ram ba, ga misali. Rumbun ajiya na kwamfuta kamar sito ne a bayan kanti, nan kaya ke kwana. Ram kuwa teburin gaban kanti ne, inda a ke baje abin da a ke ciniki a kai, in an tashi kasuwa a kwashe. In tebur ƙarami ne, yaron kanti ya yi ta kai da kawo tsakaninsa da sito, ciniki ya yi nauyi. Saboda haka muka sayi sandar ram biyu, kowace giga 8. Tun da mun shiga kantin kuma sai kwaɗayi ya ja mu, muka haɗa da katin hoto ƙarami, domin mu jona babbar talabijin yara su riƙa ganin shafi daga nesa.

Ran Asabar 11 ga wata bayan lisha muka kwance akwatin, mu da babban yaronmu. Muka kaɗe ƙura, muka cire tsohuwar sanda muka sa sababbin biyu, muka soka katin hoto a raminsa, muka ɗaure noti, muka mai da marfi. Duka ba mu yi rabin sa'a ba, har muna yaba wa kanmu. Muka danna maɓalli. Fanka ta ɗauki juyawa, fitilar gaba ta kama, amma allo baƙi ƙirin. Can sai ya rubuto 'yan kalmomi da Turanci cewa ba saƙon da ke iso masa, ya sake yin duhu.

Muka kashe muka kunna, wajen sau 10. Yaro ya ce, “Baba, ko wayar allo za mu mayar jikin sabon katin?” Muka mayar, ba kome. Muka ce to, ashe ba laifin waya ba ne, muka komar da ita inda ta ke tun asali. Ku riƙe wannan wurin, za mu dawo kansa. Muka ɗauko talabijin muka jona, ita ma shiru. Muka buɗe akwati muka leƙa da tocilan, kome ga idonmu yana zaune daidai. Wajen ƙarfe 1 na dare muka sallami yaro ya je ya kwanta.

Mu kuwa ina barci! Gobe Lahadi bayan azahar akwai taron ƙungiya, ranar ce Ma'aji zai karanta lissafin wata 3. Kowa ya san yadda maganar kuɗin jama'a ta ke. Ka tashi gaban dattawa ka ce lissafi ya ɓace cikin na'ura, ko ba a faɗa a gabanka ba, za a faɗa a mota wajen komawa gida, kuma mutuncin bawan Allah ne za a taɓa saboda karambaninmu. Sa'an nan ga rubutun mahaifinmu. Muna kwance muna ganin yadda ya ke jan wutsiyar harafin nun, muna cewa shi ke nan, ruwa ya ci rabi, mu mun ƙarasa sauran da sukundireba.

Da asuba muka buga wa wani amininmu mai kantin kayan abinci waya, muka faɗa masa. Ya yi dariya, ya ce ai ɗiyarsa da muka saukar shekarun baya wannan ilmin ta ke karantawa a Jami'ar Meriland da ke College Park. Tsakaninta da mu tashar jirgin ƙasa ɗaya ce. Ƙarfe 9 sai ga ta da 'yar jakarta. Ta durƙusa ta gaishe mu kamar yadda ta saba tun tana riƙe da allo, sa'an nan ta ce, “Allah gafarta Malam, kafin in taɓa kome, a kwantar da hankali. Takardunku suna cikin rumbun ajiya, ba ruwansu da allo. Ko akwatin nan ya mutu ɗungum, zan cire rumbun in jona shi a tawa mu kwashe su.” Wallahi sai muka ji kamar an sauke mana buhun gishiri daga ka. Da mun san wannan tun daren, da mun yi barci.

Ta ce, “Me da me kuka canja?” Muka lissafa. Ta ce, “Duka a zama ɗaya, Malam?” Muka ce i. Ba ta ce kome ba, tarbiyya ta hana, amma mun ga abin da ke fuskarta.

Ta kunna, ta miƙa yatsa ta danna maɓallin nan na manyan baƙaƙe da ke gefen hagu na allon rubutu, wanda ke da 'yar fitila. Fitilar ba ta kama ba. Ta nuna mana kuma fitilar gaban akwatin, wadda muka ga ta kama muka yi murna. Ashe ba farar da muka saba gani ba ce, ruwan lemo ce, tana ƙiftawa tana tsayawa, tana sake ƙiftawa da lissafi. Ta yi mana bayani, mu kuma ga yadda muka fahimce shi. Duk lokacin da aka kunna kwamfuta, kafin ta nuna kome sai ta yi binciken kanta, kamar yadda madugu ba ya ba da umurnin tashi daga zango sai ya zaga ya ga jakuna da kaya da mutane sun cika. Za ta duba ƙwaƙwalwarta, watau furosesa, ta duba ram, ta duba abin da ke kai hoto. In ta iske ɗaya ba daidai ba, nan za ta tsaya, fanka na juyawa amma ayari bai tashi ba. Tun da ba ta da allon da za ta rubuta kukanta, sai ta yi shi da ƙara ko da ƙiftawar fitila. Kowane kamfani da irin lissafinsa, yana cikin littafin na'urar. Waɗansu manyan faranti na zamani, waɗanda a ke kira madabod, har fitilu 4 gare su a jere, na furosesa, na ram, na hoto, na rumbu, wadda ta tsaya a kunne nan ciwon ya ke. Wannan maɓalli na manyan baƙaƙe kuwa gwaji ne mai araha: in fitilarsa tana kamawa tana mutuwa yadda ka danna, to, na'ura ta tashi, laifin yana tsakanin akwati da allo. In ta ƙi, ba ta ma tashi ba.

Tamu daren jiya tana ta faɗa mana ram ne ke damunta, mu ba mu jin yarenta.

Sai ta ce mu koma inda muka baro ta da lafiya. Wannan kam mun gane shi nan da nan, don shi mu ke yi kullum. Yaro in ya rikice a hadda ba ka ce masa ya yi ta gaba, baya ka ke mai da shi har wurin da karatunsa ya ke tsaye sosai, sa'an nan ku taho aya aya har ku iske inda ya ke tuntuɓe. Ta zare wayar wuta daga bango, ta danne maɓallin kunnawa na ɗan lokaci don ragowar wuta ta fita, ta dafa ƙarfen akwatin da tafin hannu. Ta ce wutar nan da ke tsattsage mutum in ya taɓa mariƙin ƙofa lokacin sanyi ta isa ta kashe sandar ram, shi ya sa a ke fara taɓa ƙarfe, kuma ba a kama sandar ta wajen haƙoranta na ruwan zinariya. Ta cire kati, ta cire sandunan biyu, ta mai da tsohuwar, ta kunna.

Sai ga tambarin na'ura ya fito fes a kan allo. Yaronmu ya yi tsalle. Mu muka ce maza a mai da sababbin. Ta ce, “A'a, Malam, a gafarce ni, sai mun kwafe kome tukuna.” Ta fid da wani ɗan rumbu na aljihu ta jona, ta soma kwashe lissafin ƙungiya da hotunan takardu.

Muna jiran kwafi ya ƙare, an kawo mata koko da ƙosai, sai ta ba mu wani labari da ya faru a nan garin, mu ba mu da labari. Kun san wurin nan na hukumar NASA da ke kan titin Greenbelt Road, wanda a ke kira Goddard, an kafa shi tun 1959. Da yawanmu masu tuƙin haya sun sha sauke ma'aikata a ƙofarsa. To, akwai wani babban madubin hangen taurari mai suna Hubble da aka harba sama a 1990, a lokacin yana kewaya duniya a nisan da ya wuce kilomita 500. Ran 13 ga Yuni 2021 kwamfutar da ke sarrafa kayan aikinsa ta tsaya cik, ma'aikatan Goddard kuwa su ke da alhakin tashe ta. Kwamfutar nan ƙirar shekarun 1980 ce, ba kuma mai iya hawa ya buɗe ta, don jiragen da ke kai masu gyara sun daina tashi tun 2011. Da farko suka zargi ma'ajiyarta, watau irin ram ɗinmu. Suka juya ta kan wata ma'ajiyar da aka tanada, ciwo bai tafi ba. Suka kunna kwamfuta ta biyu da ke ajiye, ita ma ta nuna ciwo iri ɗaya, daga nan suka gane abin yana wani wurin da su biyun suka haɗa. Suka kirawo tsofaffin ma'aikata da suka riga suka yi ritaya, aka tono takardun shekara 30 da 40. A ƙarshe zargi ya tsaya kan sashen da ke daidaita wuta. Ran 15 ga Yuli suka juya kan kayan da aka tanada, ran 17 madubi ya koma aiki. Wata guda cur suka yi suna gwada abu ɗaya ɗaya. Mu abin da ya fi yi mana daɗi a labarin shi ne kiran tsofaffin nan, mun tabbata dattawanmu ma za su ji daɗinsa.

Da kwafi ya ƙare ta kashe, ta cire tsohuwar sanda, ta sa sabuwa guda ɗaya tak. Ta ce mu matso mu gani. Ta daidaita tsagar da ke tsakanin haƙoran da ɗan tudun da ke cikin ramin, ta sa manyan yatsu biyu ta danna da ƙarfin da ya ba mu tsoro, sai muka ji ƙas, ƙas, 'yan maƙallan gefe biyu suka rufe da kansu. Nan muka tuna daren jiya ƙas ɗaya muka ji a sanda ta biyu. Mun ji tsoron kada mu karya abin da muka saya da tsada, muka lallaɓa ta. Gefe guda ya zauna, ɗayan ya rage kaurin farce bai shiga ba. Haƙoran irin wannan sanda, da a ke kira DDR4, 288 ne, kowane da aikinsa, 'yan kaɗan suka rasa taɓawa, na'ura duka ta tsaya. Mu masu ajami bai kamata wannan ya ba mu mamaki ba, mun san abin da ɗigo ɗaya ke yi tsakanin ra da zaira.

A nan ta ja kunnenmu kan wani abu da zai amfani masu saye a kasuwar 'yan gwanjo. Sandar da ta gabaci wannan, DDR3, haƙoranta 240, tsawonsu ɗaya, ga ido kamar tagwaye, amma tsagarsu ba wuri ɗaya ta ke ba. In sanda ta ƙi shiga bayan an juya ta, ba tata ba ce, kada a matsa. Ta ce kuma sababbin na'urori masu DDR5, in an sa musu sabon ram, su kan yi minti kaɗan allo na baƙi a tashin farko suna gwada shi, mai gaggawa sai ya kashe ya ce ta lalace.

Sanda ta farko ta tashi. Ta ƙara ta biyu, ta tashi, na'ura ta nuna giga 16. Saura kati. Ta soka shi, ta ɗaure, ta kunna. Allo baƙi.

Gabanmu ya faɗi, muka ce to, katin ne mataccen, a mayar wa masu shi. Ta ce, “Malam, a danna maɓallin nan.” Muka danna, fitila ta kama, muka sake, ta mutu. Ta ce, “Me ya nuna?” Sai muka ga kanmu muna amsa tambaya gaban ɗalibarmu. Muka ce na'ura ta tashi, laifin yana tsakanin akwati da allo. Ta juya bayan akwatin. Ga kafar waya a sama, ta asali, inda wayarmu ta ke tun 2019, ga kuma waɗansu sababbi a ƙasa, a jikin katin. Ta ce yawancin na'urori da zarar sun ga an sa kati sai su rufe kafar sama, su mai da hoto duka ta katin. Ta zare waya ta sauko da ita ƙasa. Hoto ya fito.

Yaronmu ya ce, “Baba, ai na faɗa jiya.” Gaskiyarsa, ya faɗa, kuma mun gwada. Amma a lokacin ram bai zauna ba, na'ura ba ta tashi ba, ko'ina ka sa waya duhu za ka gani. Muka wanke waya daga zargi alhali tana da nata laifin. Da kuma a daren mun dace mun danna ram ya zauna, da allo zai ci gaba da zama baƙi saboda waya, mu wanke ram shi ma. Laifi biyu muka yi a zama ɗaya, kowane yana rufa wa ɗan'uwansa asiri. Da sanda muka fara sawa muka kunna muka gani, kāna kati, da kowane ya tonu cikin minti 5.

Ta ce mun ma yi sa'a katinmu ƙarami ne. Ramin da a ke soka kati wat 75 kaɗai ya ke bayarwa. Manyan katuna, irin waɗanda samari ke saya don wasanni, suna bukatar wata wayar wuta dabam mai baki 6 ko 8 daga akwatin wuta, na'urorin ofis irin tamu kuwa da yawansu ba su da wayar, ba su da ƙarfin. Mai sa irin wannan kati ya ga duhu, ya fara duba nan. In kuma an gwada duk wannan ba a dace ba, akwai wani batir mai kamar kwabo a kan babban farantin, lambarsa CR2032, a cire shi na 'yan mintoci wuta na zare, a mayar, na'ura za ta manta saitin da ya rikita ta. Mu ba mu kai ga wannan ba.

Saura magana ɗaya, taku ce 'yan kasuwa masu loda tsofaffin kwamfutoci a kwantena zuwa Tema. Da muka faɗa mata sana'ar wasunku, ta ce lalle mu isar muku. Wutar gida a Amurka bolt 120 ce, ta Gana 230. Sababbin akwatunan wuta suna daidaita kansu, amma tsofaffi da yawa suna da wani ɗan jan maɓalli a baya, kusa da inda wayar wuta ke shiga, an rubuta 115 a gefe guda, 230 a ɗayan. Wanda aka bari a 115 aka jona a Nima ko Kumasi, ƙara za a ji da hayaƙi, kuma wannan ba danna ram ke gyara shi ba. A tura shi zuwa 230 tun a nan kafin a naɗe, ko a liƙa takarda a kai a rubuta wa mai karɓa. Haka kuma kayan da suka yi makonni suna jijjiga a teku da kan hanya, sanda ta kan ɗaga daga raminta. In abokin cinikinku ya bugo ya ce kun aiko masa da gawa, ku ce ya cire ram ya mayar har ya ji ƙas biyu, kafin a soma maganar mai da kuɗi.

Ƙarfe 12 ba ta yi ba muka buga wa Ma'aji lissafinsa a takarda, shafi 6. Ya karanta a taro bayan azahar, aka yi gardamar da aka saba yi kan kuɗin haya, ba wanda ya san abin da ya faru da dare sai yanzu da ku ke karantawa. Yarinyar nan mun yi mun yi ta karɓi ko kuɗin jirgi, ta ƙi, har ɗan rumbun aljihun ma ta bar mana. Allah ya yi mata albarka. Hotunan takardun mahaifinmu yanzu suna wuri 3, ɗaya a hannun ƙaninmu a Kumasi. Tsohuwar sandar giga 4 kuwa ta ce kada mu yar, ita ce abin gwaji in wata rana allo ya sake yin duhu. Mun naɗe ta a takarda, tana cikin gwangwanin da mu ke ajiye alƙaluma.